Gyaran samfurin sauti da ya ƙi fita daidai wajen haɗa kiɗa

Samfurin sauti shi ne guntun sautin da aka naɗa ake sakawa cikin kiɗa. Fara da saurare da kyau, domin irin ɓacin da ka ji shi zai nuna maka inda matsalar take.

In sautin ya sirance kuma ya yi sauri, ma'aunin naɗi ne bai zo ɗaya ba, wato sau nawa na'ura ke ɗaukar sauti a sakan guda. Fayil ɗin da aka naɗa a 44,100 Hz, in aka kunna shi a 48,000 ba tare da an juya shi ba, saurinsa zai ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari. Duba lambar a manhajarka da katin sauti, ka mai da su ɗaya.

In kuwa yana tsinkewa yana ƙaras-ƙaras, kwamfuta ce aiki ya yi wa yawa. Ɗaga bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar, daga 128 zuwa 512 ko 1024 lokacin tace kiɗa, ka sauke ta in za a naɗi murya, don babbar bafa tana jawo jinkiri a kunnen mawaƙi. A Windows, zaɓi direban ASIO, wanda ke haɗa manhajar kiɗa da katin sauti kai tsaye.

Wanda ya fi ɓata aiki shi ne ɗan "ƙis" a bakin samfuri. Ƙara girman hoton igiyar sautin sosai, za ka ga an yanke ta tana sama. Matsar da yankan zuwa inda ta ratsa layin tsakiya, ko ka sa sautin ya shigo a hankali cikin milisakan 3 zuwa 5. Kada ka wuce haka a kan ganga, dukan zai yi sanyi.

Kiɗan da ake maimaitawa, a ajiye shi a nau'in fayil na WAV. MP3 yakan ƙara ɗan shiru a farkon fayil, sai zagayen ya riƙa ɗingishi.