Kurakuran da sababbin masu kiwon salamanda mai zanen damisa ke ta maimaitawa

Jama'a, na gaji da ganin hoton salamanda kwance a kan busasshen yashi an dallare ta da fitila kamar ana gasa tsire, mai ita kuma yana tambaya wai me ya sa ta daina cin abinci. Tushen abin ɗaya ne, mutum ya ga ƙafa huɗu da jela sai ya ɗauka ƙadangare ce. To dangin kwaɗo ce, ta fatarta take shan ruwa, har numfashi tana yi da fatar. Asalinta Arewacin Amurka, kuma a can ɗin ma a rami take wuni cikin ƙasa mai sanyi, sai dare ya yi ko an yi ruwa take fitowa.

Zafi shi ne babban makashinta, kuma shi ya raba ni da tawa ta farko wadda ta yi shekaru a hannuna. Tafiya ta kama ni na bar wa wani ɗan uwa amanarta, ya taɓa ta ya ji sanyi ƙalau, tausayi ya sa ya jawo akwatin bakin taga wai ta sha hantsi, ya ƙara mata da fitilar ɗumi irin ta ƙadangaru. Ko da na dawo ƙasar ta bushe ƙamas ta janye daga jikin gilashin, ita kuma na same ta a cikin kwanon ruwa fatar ta yamutse, idon ya faɗa, ko tana na miƙa mata ba ta juyowa. Ba ta tashi ba. Wallahi har yau in na ga an saka wa wannan dabba fitila raina ɓaci yake. Digiri 15 zuwa 21 na ma'aunin Salshiyas take so, in ya haura 24 ta fara shan wuya. Ka ajiye ma'aunin zafi a ciki, akwatin ya zauna a ɗaki mafi sanyi a gidan nesa da taga da hita, ni da rana ta yi zafi robar ruwa mai ƙanƙara nake naɗewa a tsumma in ɗora kan murfin. In kuwa inda kake zafi ne kullum kuma ba ka da na'urar sanyaya ɗaki, dan Allah kar ma ka saya.

Sai danshi, nan kuma gefe biyu ake faɗawa, ko bushewa ko jiƙewa fiye da kima. Wanda ya ji an ce tana son laima sai ya malale akwatin da ruwa ya zama taɓo, ƙasa ta yi tsami tana wari, fatar ciki ta fara ja tana gyambo. Haba! Ƙaramarta mai gezar numfashi a wuya ce ke zama cikin ruwa, babba ta ƙasa ce. Abin da nake yi, zaren ɓawon kwakwa nake haɗawa da ƙasar da ba taki ba maganin ƙwari, zurfin santimita 10 ko fiye don ta samu wurin tono. In damƙa a hannu in matse, in ta dunƙule ruwa bai ɗiga ba ta yi daidai, in ya ɗiga ya yi yawa, in ta warwatse sai feshi. Gefe ɗaya kawai nake jiƙawa sosai in bar ɗayan da ɗan dama-dama ta zaɓa da kanta. Kuma in ta shige rami kwana da kwanaki ka ƙyale ta, ka daina tono ta kana dubawa, halinta ke nan.

Ruwan famfo kai tsaye ba ya yi saboda kulorin. Masu cewa a bar shi ya kwana, garuruwa da yawa a Amurka wani sinadari mai suna kuloramin suke sawa a ruwan kuma shi kwana ba ya fitar da shi, sai ka ɗiga maganin da ake sa wa ruwan kifi. Kwanon ya zama mara zurfi, a canza kullum don a ciki take kashi.

Tsakuwa kar ta shiga akwatin, tana haɗiyewa tare da abinci ta toshe mata ciki. Murfin raga dole ne, a samu iska kuma kar ta fice.

Abinci kuma makwaɗaiciya ce, duk sanda ta gan ka za ta ɗago kai tana roƙo, kar ka biye mata. Sau 2 ko 3 a sati ya ishi babba, a ba ta tana da gyare a barbaɗa musu garin kalsiyam, jinjirin ɓera kitse ne kawai yake tara mata. Ƙwarin da ka kamo a lambun da aka yi wa feshi guba ne.

Masu ɗaukar ta a hannu don hoto ku ji tsoron Allah, sabulu da man shafawa da gumin tafin hannunku duk cikin jikinta suke shiga. In ya zama dole, safar hannu mara hoda ka jiƙa ta tukuna, in ka gama ka wanke hannu sosai saboda ƙwayar cutar salmonela. Dabbar nan tana kai shekara 15 har fiye, in ka san za ka gaji ka nemi mai karɓa tun da wuri, sakin ta a daji yana kai wa na can cuta.