Faɗuwar gaba kafin doguwar tafiyar keke ta neman taimako: kurakuran da aka fi yi

Duk shekara a watan Yuni, dubban mutane kan hau keke daga Landan zuwa Brighton da ke bakin teku a kudancin Ingila, tafiyar mil 54, wato kusan kilomita 87, don tara wa gidauniyar British Heart Foundation kuɗin binciken cututtukan zuciya. Tun 1976 ake wannan tafiya. Yawancin masu shiga ba 'yan tsere ba ne, shi ya sa da ranar ta matso sai gaba ya fara faɗuwa. Wannan ba laifi ba ne. Ɓarnar tana cikin abin da fargaba ke sa mutum ya aikata a makon ƙarshe.

Babban kuskure shi ne kiwon ranar kasuwa. Mutum ya ga atisayensa bai kai ba, sai ya kwashi doguwar tafiya ana saura kwana biyu ko uku. Jiki ba ya ƙara ƙarfi a ɗan wannan lokaci, gajiya kawai zai tara, ya isa Clapham Common, inda ake tashi, da cinyoyi a sage. A makon ƙarshe rage nisa, ka ɗan zaga na minti talatin zuwa arba'in, jajibiri kuma ka huta.

Sai sayen sabon kaya. Sabon sirdi, sabon wando, sabon takalmi, wai don hankali ya kwanta. Wannan yana ba ni takaici, domin sirdin da jikinka bai saba da shi ba zai iya saɓule maka fata tun tafiya ba ta yi rabi ba. Hau abin da ka saba hawa. Kai wa mai gyara keken ana saura mako guda, ya duba birki da giya da tayoyi, don ka samu damar gwada shi. Ka kuma koyi canza tiyub da hannunka, ka riƙe guda ɗaya da ƙaramin famfo.

Haka abinci. Kada ka cika ciki da daddare har ya hana ka barci, kada ka gwada abin da ba ka taɓa ci ba. Da safe ka karya awa biyu zuwa uku kafin tashi. A hanya kada ka jira yunwa ko ƙishi: ayaba, dabino, kurɓin ruwa akai-akai.

Idan barci ya ƙi zuwa a daren ƙarshe, kada ka tayar da hankali. Barcin daren da ya gabace shi ka kiyaye, kuma ka haɗa kayanka tun da rana.

Da an tashi, ɗoki kan ja mutum ya bi masu gudu. Bar su su wuce. Tafi da saurin da za ka iya hira da na kusa da kai, domin tudun Ditchling Beacon, mafi wuya a hanyar, yana can kusa da ƙarshe, lokacin da ƙafa ta riga ta gaji. Sa giya mafi sauƙi tun daga gindinsa. Idan ya gagara, sauka ka tura keken a gefen hanya. Mutane da yawa haka suke yi, kuma kuɗin da 'yan uwa da abokai suka ba ka zai isa gidauniya ko a kan sirdi ka hau tudun ko da ƙafa.