Yadda ake raba ma'ajiyar kwamfuta gida biyu don kada fomat ya cinye maka kaya

Yawancin laftof ɗin da ake sayowa na hannu, ma'ajiyarsu (hard disk) gida ɗaya ce, wato C kaɗai. Windows na ciki, manhajoji na ciki, hotunan biki da takardun makaranta da na ofis ma duk nan suke. Ranar da kwamfutar ta ƙi tashi aka kai ta gyara, abin da za ka ji shi ne "sai an yi mata fomat", shi kuwa fomat ba ruwansa da wanne ne naka wanne ne na Windows, shara ɗaya yake yi. Maganin wannan shi ne ka yanko wani sashe daga C ka mai da shi D, kayanka su koma can. Ba sai ka sauke wata manhaja ba, Windows 10 da 11 duk suna da abin aikin a cikinsu.

Kafin komai, kwafe abubuwan da ba za ka iya rasawa ba a fulash ko wata ma'ajiyar waje. Sannan ka tabbata batirin yana riƙe caji. In irin laftof ɗin nan ce da ke mutuwa da zarar an ɗauke wuta, ko kuma ta tebur ce, ka bari sai lokacin da wutar ta zauna ko an ta da janareta. Katsewar wuta ana tsakiyar wannan aiki na iya lalata ma'ajiyar.

Danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta diskmgmt.msc, ka buga Enter. Allon da zai buɗe sunansa "Disk Management". A ƙasansa za ka ga ma'ajiyar an zana ta kamar doguwar sanda mai gaɓoɓi. Babbar gaɓar ita ce C. A gefenta akwai wasu 'yan ƙanana marasa harafi, ɗaya an rubuta mata "EFI System Partition", wadda sau da yawa ba ta wuce megabait 100 zuwa 260, wata kuma "Recovery". Kada ƙanƙantarsu ta ruɗe ka ka goge su, da ta farkon ce kwamfutar ke tashi. Haka nan in ka ga ma'ajiyar da aka sayar maka a kan giga 500 tana nuna 465, ba cutarka aka yi ba. Masu ƙerawa da 1000 suke lissafi, Windows kuma da 1024.

Ɗora linzami a kan C, ka danna maɓallin dama, ka zaɓi "Shrink Volume". Zai ɗan yi jim yana lissafi, sannan ya tambaye ka nawa za a yanke. A nan ake tuntuɓe, domin da megabait yake tambaya, ba da giga ba. In giga 100 kake so, 102400 za ka rubuta, in 200 ne kuma 204800.

Nawa ya kamata a bar wa C? Windows 11 tana neman giga 64 a matsayin mafi ƙaranci, amma wanda ya bar mata wannan kaɗai zai sha wahala, saboda kowane sabuntawa wuri yake ci. A ganina kada C ta gaza giga 120. Mai ma'ajiyar 256 ya raba kusan daidai, mai 500 ya bar wa C kamar 150 zuwa 200. Wanda tasa 128 ce gaba ɗaya, gara ya haƙura da rabon, ya nemi ma'ajiyar waje.

Wani lokaci za ka ga akwai fili da yawa a C amma Windows ta ce ɗan kaɗan za ta iya yankewa. Dalili shi ne wasu fayilolinta da ba sa gusawa sun zauna can ƙarshen ma'ajiyar, kamar fayil ɗin dogon barci da ake kira hiberfil.sys. Nemo "Command Prompt" a gurbin bincike na Windows, ka buɗe shi da ikon mai gudanarwa, wato "Run as administrator", ka rubuta powercfg /h off don kawar da fayil ɗin, ka sake kunna kwamfutar ka gwada. Sau da yawa wannan na buɗe hanya. In ka gama sai ka mayar da shi da powercfg /h on.

Bayan yankan za ka ga sabuwar gaɓa mai baƙin kai, an rubuta "Unallocated". Danna dama a kanta, ka zaɓi "New Simple Volume", ka bi "Next" har inda za a nemi harafi. Ɗauki D, in na'urar faifan CD ta riga ta riƙe shi ka ɗauki E. A da B kuwa tun zamanin faifan fulofi aka ware musu su, shi ya sa lissafin ya faro daga C. Tsarin fayil ka bar shi a NTFS, domin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai giga 4. A gurbin "Volume label" ka ba shi suna, ko da KAYANA ne. Wannan sunan yana da amfani sosai: a allon da ake zaɓar inda za a ɗora sabuwar Windows ba a nuna C ko D, lamba da girma da suna kawai ake gani. Duk wanda zai yi maka aikin, ka faɗa masa sunan da girman, ka ce kada ya taɓa.

In Windows ta ƙi ƙirƙirar sashen, ko ta nemi mai da ma'ajiyar "Dynamic", ka ce a'a. Yawanci ma'ajiyar na kan tsohon tsarin rabo ne da ake kira MBR, wanda manyan sassa huɗu kawai yake ɗauka, kuma sun cika. Sabon tsarin, wato GPT, yana kai wa 128.

Saura kwashe kaya. Buɗe D ka yi folda mai suna Takardu. Koma kan "Documents", danna dama, "Properties", sai "Location", sai "Move", ka nuna masa sabuwar foldar. Yi wa "Pictures", "Downloads" da "Desktop" haka, kowacce da tata foldar. Daga yanzu duk abin da ka adana D zai tafi da kansa. Sai dai C da D ɗakuna biyu ne ƙarƙashin rufi ɗaya, in ma'ajiyar kanta ta mutu, tare za su tafi. Kwafin waje yana nan daram a matsayinsa.

Game da ɗora manhajoji, ƙanana irin su VLC ko Chrome ka bar su a C. Manya kamar wasanni, in ka zo wajen ɗorawa ka zaɓi "Custom" ko "Browse" maimakon yin ta danna "Next" ido rufe, ka nuna musu D. A waɗannan allunan ne ma ake cusa wa mutum manhajar da bai nema ba, don haka ka karanta, ka cire alamar da ke kan duk abin da ba ka sani ba. In aka sake ɗora Windows, yawancin manhajojin da ke D ba za su tashi ba sai an sake ɗora su, saboda rajistarsu a C take. Don haka ka buɗe wata folda a D ka riƙa tara fayilolin ɗorawar da ka sauke, kada ka sake ƙona data a kansu.