Yadda za ki halarci bikin Gelik a tsibirin Uwis ta Kudu

Tun da na dawo daga wurin ɗiyata a Gilasgo, matan unguwarmu a Agege ke tambayata yadda aka yi na je bikin ƙauye a Sikotilan. To ga bayanin, Hajiya, ki adana.

Bikin sunansa Ceòlas, ana yinsa a watan Yuli a tsibirin Uwis ta Kudu, an fara shi a 1996. Mutanen wurin har yau da harshen Gelik suke hira a gida. Ki nemi bizar Birtaniya a nan Legas tun da wuri. Daga Gilasgo jirgin ƙasa zai kai ki Malaig, daga nan jirgin ruwa ya tsallaka da ke Lokboisdel cikin awa uku da wani abu. Ki tafi da rigar sanyi da man shafawa, don akwai wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da yamma, sauron Legas ma ya fi su kunya.

Lokacin sallah zai rikita ki: rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare. A abinci ki riƙe kifi da dankali, ki guji baƙin tsiren nan da ake yi da jini.

Da dare ake keili, wato taron kiɗa da rawa a ɗakin taron ƙauye. Rawar maza da mata ce hannu da hannu, ni dai kujera na kama ina sauraron algaitarsu mai jaka da goge.

Inda nake so ki kutsa shi ne zaman luwad. Mata ne ke kewaye dogon tebur da jiƙaƙƙen ƙyallen ulu, suna buga shi a kan katako suna miƙa wa ta gefe, don ya tsuke ya yi kauri. Ɗaya na ba da waƙa, saura na amshi. Wallahi waƙar daka ce sak, irin ta kakata a gindin turmi, har da habaici a ciki. Kada ki tsaya ɗaukar hoto. Ki naɗe hannun riga, ki kama ƙyallen da hannu biyu, ki bi bugun ta kusa da ke. Amshin galibi sauti ne kawai marar ma'ana, ba sai kin iya harshen ba. Sun ce ba a maimaita waƙa a zama ɗaya.

In an tashi ki ce wa tsohuwar da ta ba da waƙa "tapa lev", wato na gode.