Yadda za ka gane ko wutar da ake sayar wa Nijar ce ta ƙara maka kuɗin NEPA

Duk lokacin da kuɗin wuta ya tashi sai ka ji ana cewa ai Nijar da Benin da Togo ake kai wa wutar Kainji shi ya sa, toh kafin ka yarda ga abin da za ka yi da kanka.

Fara ɗauko rasit ɗin mitarka ka duba wane Band kake, wato rukunin da aka sa ka bisa awannin wutar da ya kamata ka samu a rana. A Afrilun 2024 NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki a Najeriya, ta kai Band A naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauta. Raba kuɗin da ka biya da yunit ɗin da aka ba ka, ka tuna akwai VAT 7.5% a ciki, nan za ka ga ainihin farashinka. Kuma farashin nan iskar gas da canjin dala da cire tallafi ne suka fi juya shi, don yawancin wutar Najeriya daga gas take, dam irin su Kainji da Jebba da Shiroro wutarsu ma ita ce mai araha.

Sai ka gwada da abin da ya faru, a Agustan 2023 bayan juyin mulki an yanke wa Nijar wuta, ƙasar da kusan kashi 70 na wutarta daga Najeriya take zuwa, Yamai da Maraɗi da Damagaram suka sha duhu har farkon 2024, tambayi kanka bil ɗinka ya ragu a watannin nan? Bai ragu ba. Kuma a 2024 NERC ta ba da umarnin wucin gadi cewa abin da za a fitar waje kada ya wuce kashi 6 na wutar da ake samarwa.

Inda ya kamata ka sa ido shi ne bashi. Shiga shafin NERC ka sauke rahotonsu na wata uku-uku, ka nemi inda aka nuna nawa aka caji NIGELEC da SBEE da CEET, wato kamfanonin wutar Nijar da Benin da Togo, nawa suka biya. In ba su biya ba giɓi ne a kasuwar da ni da kai muke ciki, wannan kam abin magana ne wallahi.

Sannan ka riƙa rubuta awannin da kake samun wuta kullum. Band A aƙalla awa 20 ne a rana, B 16, C 12. In ba ta cika ba kai ƙorafi a rubuce ga kamfaninku, ba su kula ba ka wuce ofishin ƙorafi na NERC da takardarka a hannu.