Ku Ɗaga Na'urar Intanet Sama Kafin Ku Sauya Kamfani

'Yan uwa mazauna karkara, idan intanet ɗin gida ko na shago yana jan ƙafa, kada ku yi gaggawar sauya kamfani. Ku fara kafa na'urar a kan doguwar sanda, ta zarce rufi, tana fuskantar turken sabis mafi kusa.

Dalili kuwa shi ne, rufin kwano da katanga mai kauri suna tare sigina, haka ma darbejiya da mangwaro, musamman da damina idan ganye ya yi duhu ya jiƙe.

Abin da na fi so ku kula da shi shi ne wayar da za ta sauko daga kan sanda zuwa cikin gida. Ku nemi na'urar da aka ƙera domin zaman waje, wadda ake sa mata layi, sannan ku sauko da wayar Ethernet, wato wayar da ke haɗa na'urar intanet da kwamfuta, domin tana kai mita 100 lafiya lau, alhali doguwar wayar eriya shanye sigina take yi a hanya. Lallai mai haɗawa ya sa mata kariyar tsawa.

Dabarar ba ta aiki idan tsauni ya shiga tsakani, ko kuma turken ne ya cika da jama'a bayan magariba.