Yadda za ka nuna wa yara babban galaksi yana yagar ƙananan da ke zagaye shi

Malamai 'yan'uwana, wannan darasin in ka tsaya a allo kawai wallahi yara ba sa kamawa, gara ka nuna musu da hannu.

Ka samo maganaɗisu daga tsohuwar sifika, masu gyaran rediyo a Sabon Gari ba sa rasawa, sai ka roƙi garin ƙarfe wajen masu walda. Tara garin ya yi ɗan tudu a kan kwali, shi ne ƙaramin galaksi (wato tarin taurari masu ɗimbin yawa), maganaɗisun kuma babban, mai fasalin faifai irin namu da rana take ciki. Wuce da shi daga nesa, ba abin da zai motsa. Matso a hankali. Gefen da ke kusa shi zai fara tsinkewa yana bi, na baya yana nan zaune. To nan za ka tsaya ka daɗe, don duk maganar ke nan, abin da ke yaga shi bambancin ja ne tsakanin gefen kusa da na nesa, kuma wannan bambancin yana hawa da sauri sosai, a lissafin jan nauyi na sama, ba na maganaɗisu ba, in tazara ta ragu rabi sai ya ninka sau 8.

Amma ka faɗa musu gaskiya, a sama nauyi ne ke jan, kuma wutsiya biyu ake samu, ɗaya gaba ɗaya baya, kwali ba zai nuna wannan ba. Haka duk sanda ƙaramin ya ratsa ta cikin faifan babban, taurarinsa sukan sha girgiza, riƙonsu ya ƙara saki.

Sai ka kawo misalin gaske. A 1994 aka gano ɗan galaksin Sajitariyus, namu yana ta warware shi kamar zare, taurarinsa sun yi layi sun kewaye mu.

In so samu ne ku fita bayan gari wani dare a Oktoba, ruwa ya ɗauke hazo bai sauko ba, babu farin wata. Bayan isha'i ku duba arewa maso gabas, babban galaksin Andiromeda na nan kamar ɗan hayaƙi, haskensa ya yi shekara kusan miliyan 2.5 a hanya. In kun samu madubin hangen nesa mai kyau ku nemi ƙaramin galaksin M32, ɗan ɗigo manne a gefensa, masana da dama na ganin tun da ya fi haka girma, babban ne ya ɓare shi ya bar ƙwayar tsakiya.